Allin Gwaggo Sai Ya Kwana

Gwaggona tela ce, kuma duk wanda ya taɓa kai mata ɗinki ya san dokar shagonta: ba ta yanka yadi a ranar da ta zana shi. Za ta auna ki, ta shimfiɗa yadin a kan tebur, ta ja layukanta da alli, sannan ta naɗe shi ta ajiye a saman kabad. Sai washegari da safe za ta sake shimfiɗa shi, ta dube shi da sabon ido, kafin ta ɗauki almakashi. In kika ce mata kina sauri, sai ta leƙo ki ta saman tabarau ta ce, "Alli sai ya kwana. Alli da tafin hannu ake goge shi, almakashi kuwa bai iya ba da haƙuri ba."

Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwar mahaifiyata. A shagon nan na girma, wani ɗan tsukukun ɗaki tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da magani. A ciki akwai baƙin keken ɗinki wanda furannin jikinsa suka goge saboda tsufa, da kwalbar maɓallai da ban taɓa ganin gindinta ba, da wani madubi mai rage wa mutum ƙiba. An sha ce mata madubin nan maƙaryaci ne, ta canza shi. Ta ce ai shi ya riƙe mata rabin masu kawo ɗinki. Ni kuwa Tsani take kirana, don tun ina firamare na zarce ta tsawo, kuma duk abin da ke saman kabad ni ake aika wa.

Mijinta, wanda muke kira Kawu, tsohon direban bas ne. Tun da ya ajiye aiki ya mai da bencin ƙofar shagon ofishinsa, shi da rediyonsa. Aikinsa ɗaya, tsokanar Gwaggo. In mace ta kawo ɗinkin jariri sai ya ce, "Baiwar Allah, ki ce ta auna shi da kayan makaranta, don kafin allin ya gama barci yaron ya fara tafiya." Gwaggo ba ta ko ɗaga kai. Ta san abin da kowa ya sani a layin: shekara da shekaru tana wannan sana'a, ba a taɓa cewa ga yadin da ta ɓata ba. Wannan suna shi ne dukiyarta, kuma tana ji da shi fiye da keken.

Akwai yadi ɗaya da ya fi kowanne daɗewa a hannunta. Shuɗi ne mai duhu, da ƙananan fararen furanni, dukansu suna kallon sama. Mahaifiyata ce ta saye shi tun ina rarrafe, ta ce a ajiye, ranar da 'yarta ta fara aiki a ɗinka mata. Ba ta ga ranar ba, Allah ya jiƙanta. Gwaggo ta adana shi a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, lokaci-lokaci tana fito da shi ya sha iska. Takan dube shi ta dube ni ta girgiza kai. "Uwarki ta saya wa mutum yadi, ba ta san tsani ta haifa ba. In kika ƙara ko taƙi ɗaya, sai dai mu ɗinka miki hula." Wasa take yi, amma gaskiya ce. Yadin da ƙyar zai ishe ni riga mai dogon hannu, kuma irinsa ya daɗe da ɓacewa a kasuwa.

To, ana nan sai Gwaggo ta zame a matakalar gida, ta karye a idon sawu, kuma ƙafar da take taka keke da ita. Aka ɗaure ƙafar aka ce ta zauna. Matar da ba ta san zaman banza ba, ta ƙirga rufin ɗaki, ta gyara maɓallin duk wata riga da ke gidan, har waɗanda lafiyarsu ƙalau. Da ta fara neman Kawu da faɗa a kan yadda yake tauna, sai ya ɗauki wayarta ya kai wa mai gyaran waya ya ce, "Don Allah sa mata wani abu a ciki, ko na samu in sha iska."

Wasa ne na 'ya'yan itace masu launi. Ana jera iri ɗaya su haɗu, sai su fashe da wata 'yar ƙara mai daɗi, lokaci kuma yana gudu a sama. In ka faɗi, akwai wata koriyar kibiya a kusurwar ƙasa ta dama, kana danna ta komai ya dawo sabo. Da farko Gwaggo ta riƙe wayar nesa da ita, ta ce, "Ni za a ba wasan yara? Da girmana?" Ta gwada sau ɗaya don kada a ce ta raina kyauta. Ido ne da ita na haɗa launi, shekaru ta yi tana zaɓen zare, saboda haka kafin mako ya zagayo ta wuce mai gyaran wayar da kansa.

Mu dai murna muka yi. Gida ya yi shiru, Kawu yana tauna yadda ya ga dama. Ƙafa ta warke, aka koma shago, muka ɗauka wasan zai tafi tare da sandar dogarawa. Sanda ta tafi, wasa ya zauna.

Abin da ya fara ba ni mamaki ba yawan wasan ba ne, yadda Gwaggo ta sauya ne ko wayar ba ta hannunta. Matar da ke barin shayi ya huce har ya yi sanyi, sai ga ta tana ƙona harshe kullum. Ba ta jiran dutsen guga ya yi zafi, sai ta yi ta dirzar riga da shi a sanyaye tana tsaki. In mai ɗinki ta fara bayanin irin wuyan da take so, kafin ta kai rabi Gwaggo ta ce, "Na gane, na gane," alhali ba ta gane ba. Zare in ya ƙi shiga allura sau biyu, sai ta yi jifa da allurar. Wata rana wata mata ta tambaye ta ko rigar ta yi mata kyau, Gwaggo ta ce, "Rigar dai ta yi kyau." Da can sai ta juya magana sau uku a baki kafin ta fito da ita. Matar ba ta sake dawowa ba, duk da madubin.

Wayar kuma tana kiranta. In ta faɗi sau da yawa sai wasan ya ce ta jira, in lokacin ya cika sai ya yi wata ƙara, ƙilin. Ko tana tsakiyar ɗinki ne, da ta ji ƙilin ɗin nan ƙafarta za ta tsaya a kan keke, hannunta ya tafi aljihu shi kaɗai. Kawu ya ce, "Ni shekara nawa ina kiran matar nan ba ta taɓa amsa mini da wannan saurin ba."

Na yi mata magana, ta ce, "Tsani, ni na yi miki wanka. Yanzu nake so in bari, yanzu zan bari." Na ce to ta bari mana. Ta ce ai ba ta so ba tukuna.

Cikin wannan hali na samu aikin koyarwa a wata makaranta. Ranar da labarin ya zo, Gwaggo ta yi ta juyi a tsakar gida da ƙafar da aka ce ta lallaɓa. Ta jawo akwatin ƙarfe da kanta, ta fito da yadin, ta rungume shi, muka yi ɗan kukanmu. Washegari ta kai shi shago, ta auna ni, tana mita a kan tsawon hannuwana kamar ni na ja su.

Da yake yadin a ƙure yake, ba ta ninka shi biyu ba kamar yadda ake yi a yanka hannuwa tare. Shimfiɗa shi ta yi falle ɗaya, don ta ci moriyar kowane lungu. Ta zana gaba, ta zana baya, wayar ta ce ƙilin. Ta yi wasa kaɗan, ta faɗi, ta danna kibiya, ta sake faɗi. Ta dawo ta zana hannun dama da sauri. Ina zaune ina ɓare mata sabon alli, sai na ga ta ɗauki almakashi.

Kawu ya leƙo daga benci. "Tela, allin nan fa bai kwana ba."

"Ya yi gyangyaɗi," in ji ta. "Bari in yanka in huta, abin duk a kaina yake."

Wa zai koya wa Gwaggo yanka? Almakashi ya bi layi, ƙaras ƙaras, gaba ya fita, baya ya fita, hannun dama ya fita. Ta ɗauki hannun da ta yanka ta ɗora a kan sauran yadin don ta fitar da ɗan'uwansa. Kowane ɗan koyo ya san sai an kifa shi, fuska ta kalli fuska, don na hagu ya fito. Daidai nan wayar ta sake cewa ƙilin. Gwaggo ba ta kifa ba, ko allin ma ba ta ɗauka ba, ta bi gefensa da almakashi kai tsaye.

Ta ɗaga su biyun sama, ta tsaya. Hannun dama ne guda biyu. Ramin gaban hannu ya fi na baya zurfi, don haka ba ya zama a ɗaya kafaɗar. In an juya shi, bayan yadin fari-fari ne. In an kifa shi sama ya koma ƙasa, furannin su kalli ƙasa. Abin da ya rage a tebur kuwa bai kai tsawon hannuna ba.

Kawu ya kashe rediyo. Sai na ga wani abu da har yau ban manta ba: babban yatsan Gwaggo ya sauka a kusurwar yadin ta ƙasa, ɓangaren dama, yana dannawa. Sau ɗaya, sau biyu, yana neman koriyar kibiya. Ita ma ta gani. Ta kalli yatsan kamar na wani ne aka manna mata, sannan ta zauna a kan kujerar keke a hankali.

"Tsani," ta ce, muryarta can ƙasa, "na yanka miki uwarki."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar in ɗauki wayar nan in maka ta da bango. Amma ban taɓa ganin Gwaggo ta ƙanƙance haka ba, sai tausayinta ya danne fushin. Na ce mata yadi ne kawai. Ta ce in daina yi mata ƙarya, aikin madubi ne wannan.

Muna cikin haka sai ga Likita ta shigo. Tsohuwar mai kawo ɗinki ce, kullum aljihun farar rigarta a yage yake saboda abin da take cusawa a ciki. Ta ga fuskokinmu ta ce, "Lafiya? Wa ya mutu?" Kawu ya nuna mata hannuwan biyu. Gwaggo da kanta ta ba ta labari, har da na yatsan, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce, "Likita, ki gaya mini gaskiya. Kaina ne ya taɓu?"

Likita ta ja kujera ta zauna. "Bai taɓu ba, Gwaggo. Kawo goshinki." Ta ɗora mata yatsa a goshi. "Nan bayan wurin nan akwai sashen ƙwaƙwalwa da babban aikinsa shi ne ya ce miki dakata. Can ciki kuma akwai wani, shi in ya ɗanɗana abu mai daɗi, abin da ya sani kawai a ƙara. Irin wasan nan don na cikin aka gina shi. Kin taɓa, an ba ki lada nan take, kuma ba ki san yaushe babbar nasara za ta zo ba, shi ya sa hannu ba ya son tsayawa. In kin yi kuskure kuma ba ki yi asarar komai ba."

"To shi mai cewa dakata ɗin, barci yake?"

"Ba a tambayarsa ne. Wuni guda kina yanke ɗaruruwan shawarwari ba tare da shi ba, sai jiki ya saba. Masu bincike sun lura cewa mutanen da wasa ya kama sosai sukan sha wuya wajen tsayar da hannu in an ce su tsaya. Ba a gama tantance wanne ke riga wani ba, ko wasan ne ke kawo saurin, ko masu saurin ne wasan ya fi kamawa. Amma ke mun san ki tun kafin wasan."

Kawu ya ce, "Birki ne ya yi sanyi. Ni na san wannan, mota in ta daɗe—"

"Direba, wa ya sa mata wasan?" in ji Likita. Kawu ya kunna rediyonsa.

Gwaggo ta tambaya ko akwai ƙwaya. Likita ta ce ba ta da wata ƙwaya da za ta rubuta mata a kan wannan. "Abin da aka saba da shi ana iya sake masa sabo. Ki kashe ƙarar nan da ke kiranki. Sannan ki sa wani abu tsakanin sha'awar da hannunki, ko na ɗan lokaci ne. Sha'awa kamar madara take a wuta, takan taso, in ba a biye mata ba ta koma. In kin gwada abin ya fi ƙarfinki, ki zo ki same ni a asibiti, ba abin kunya ba ne." Ta ajiye farar rigarta ta ce ba ta sauri, allinta ya kwana biyu ma.

Bayan ta fita Kawu ya ce a ba shi wayar ya ɓoye. Gwaggo ta ce, "Kai da ba ka iya ɓoye alewa ba? Kuma in ka ɓoye, ai kai ka dakata, ba ni ba." Ta miƙa mini na kashe ƙarar. Sannan ta tashi ta shimfiɗa ragowar yadin, ta daɗe tana kallonsa, ta zana hannun hagu gajere, iya gwiwar hannu, don abin da ta ga zai fita ke nan. Na dama sai a rage shi su zo daidai. Ta naɗe, ta ba ni na ɗora a saman kabad.

Sai dai hannuwanta sun ƙi zama. Ina kallonta, yatsunta sai motsi suke a kan cinyarta, suna tafiya aljihu tana dawo da su. Can ta ɗauki hannun rigar da ta ɓata ta ce, "Tsani, wannan naki ne. Kin ba ni shi?" Na ce me za ta yi da shi. Ta ce in dai ba ta. Na ba ta.

Kafin a rufe shago ta ɗinka wa wayar jaka da shi. Ta zazzage kwalbar nan, ta tsinto maɓallai mafi ƙanƙanta, irin na rigar jarirai, ta jera su a bakin jakar reras, ta yi musu ƙofofi matsattsu da gangan. Ita da ke alfahari maɓallinta ba ya ba mutum wahala, ranar ta yi waɗanda sai an yi da gaske suke ɓalluwa. Kawu ya gwada buɗewa da manyan yatsunsa, ya yi gumi, ya ce ko bankin gari bai kai wannan tsaro ba.

Da safe na sauko mata da yadin. Ta shimfiɗa, ta gyara tabarau, ta zagaya teburin. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta sa tafin hannu ta goge layin jiya gaba ɗaya. Ashe in ta matsar da zanen gefe, wajen da wuyan riga ya bar fili, hannun zai sauko har ƙasan gwiwar hannu. Jiya idonta bai ga wannan ba. Ta sake zanawa, ta ɗauki almakashi, ta dube shi, ta ajiye.

"Sabon alli ne," ta ce. "Shi ma sai ya kwana."

Kawu ya ce in haka ne yarinyar nan za ta yi ritaya kafin ta sa rigar. Amma na sa ta ranar da na fara aiki. Hannun ya tsaya tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma malamai biyu sun tambaye ni wace tela ce ta fito da wannan sabon yayi.

Ban ce Gwaggo ta bar wasa ba. Tana yi, bayan an rufe shago, kuma har yanzu mai gyaran waya bai kamo ta ba. An sha fama kafin a kai nan. Akwai ranakun da ta ɓalle maɓallan nan duka da tsakar rana tana huci, akwai ranar da na kama ta tana harar jakar da almakashi a hannu. Amma shayinta ya koma yin sanyi, kuma matar nan da ta yi fushi ta dawo, bayan Gwaggo ta taka har gidanta ta ba ta haƙuri. Da bakinta take ba masu ɗinki labarin hannun dama biyu. Ta ce gara su ji daga wurinta, don in Kawu ya ba da shi sai hannuwan sun zama huɗu.

Kwanakin baya na biya shagon daga makaranta, na tsaya a ƙofa ba ta gan ni ba. Aiki ya yi mata sauƙi, ta jawo jakar daga aljihu. Ta ɓalle maɓalli ɗaya, ta ɓalle na biyu. A na uku sai ta tsaya, babban yatsanta yana shafa ɗaya daga cikin fararen furannin. Ta daɗe a haka, sannan ta mayar da maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Da ta ɗago ta gan ni, sai ta ɗan ji kunya, ta tura jakar aljihu.

"Uwarki ce," ta ce. "Da ma can ita ba ta son gaggawa. Zo ki sauko mini da yadin da Likita ta kawo jiya, ya kwana."